Modi Biyu

A gidanmu na Madunka Modi ɗaya aka haifa,
amma biyu aka rena.

Na farkon ya zo ina shekara goma sha uku,
cikin bazara, sa'ad da ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu.
Barci ya yi mini sallama, ban yi kewarsa ba.
Dare uku ina zaure da basillar Baba,
na ɗinke jar fatar da ya aje ta aikin wata guda,
tumtum bakwai, da zanen da ba wanda ya koya mini.
Baba ya jujjuya su ya ce, "Yaron ga hannu garai."
Ni kuwa bakina ya ƙi tsayawa:
zan kai fata Agadas,
zan buɗe shago a Makka,
zan ƙara wa Kwalkwalawa gada.
Na ba wani baƙo keken Baba kyauta
don ya ce ƙafarsa na ciwo.
Ana dukana ina dariya.

Na biyun bai buga ƙofa ba.
Na farka wata Talata
na tarar an ɗura wa ƙasusuwana yashi.
Tuwon Inna ya koma kwali a bakina.
Na juya wa ɗaki baya, na haddace tsagar bango
da hanyar da tururuwa ke bi.
Kiran salla na iso mini kamar daga ƙasan rijiya.
Ige ƙanwata ta aje kwano,
ta dawo ta ɗauke shi yadda ta aje.
Kwana arba'in.

Malamin lissafi ya ce ƙwaƙwalwa akwai, lalaci ne.
Gwaggo Tumba ta ce iska ce,
na taka ta a gindin tsamiyar majema.
An yi hayaƙi, an yi tofi,
na sha rubutu har harshena ya rine.
Samarin dakali suka ce ƙwaya nake haɗiya.
Yara na bina suna tafi: "Kware! Kware!"
Na tsani garin nan tun ban taɓa ganinsa ba.

Inna kaɗai ke lissafi.
Ba ta yi boko ba,
amma in ta ji na fara waƙa a makewayi kafin asuba
sai ta ɓoye kuɗin adashi da makullin babur.
In kuma ta ji shiru ya yi kwana uku
sai ta kwance igiyar guga,
ta kai maƙwabta.
Ba ta taɓa faɗa mini ba.
Ni ma ban taɓa nuna na gani ba.

Haka muka yi shekara goma sha huɗu.
Jarabawa biyu ta wuce ina kwance.
Hajo ta gaji da tambayar wanne Modin zai zo zance,
ban ga laifinta ba.

Ranar da aka kai ni Kware da ƙafata na shiga.
Ba sarƙa. Benci ne, da fanka mai kuka,
da likita mai furfura a gemu
da ya bar ni na yi magana har na ƙoshi.
Sannan ya ja layi a takarda,
ya hau, ya gangara, ya hau, ya gangara,
ya ce, "Ciwo ne. Yana da suna. Ba kai kaɗai ba ne."
Na dubi layin nan na ga gulbin Rima,
cikarsa da janyewarsa,
na ce a raina, ashe dai ba hali ba ne.
Baba ya cire hula ya riƙe,
bai ce komai ba har Gidan Iguwai.

Yanzu ƙwaya nake haɗiya da gaske,
fara, 'yar ƙarama, bayan isha'i.
Tumtum ɗaya kwana huɗu yake ɗaukata.
Ba zan ɓoye ba,
wani dare nakan yi kewar wutar nan,
sa'ad da duk Sakkwato ta yi mini kaɗan.

Jiya na leƙa rijiyar tsakar gida.
Igiya na nan ɗaure da guga,
ta sha rana, ta kode,
da alama ta daɗe ba a kwance ta ba.