Kwarin Maje

A taswirar da ke bangon ofis a Toro
garinmu ɗigo ne, kamar kashin ƙuda,
har ma'aikacin ya goga da yatsa
yana zaton datti ne.

To, bari in kwatanta maka.
Ka bar kwalta a gindin ɗorawar da aradu ta tsaga,
ka bi jar ƙasa har sawunka ya rine.
Dutse zai tare ka ta gabas,
baƙi, mai tozo, kamar bijimin da ya durƙusa ya ƙi tashi.
Saboda shi rana ke makara a wurinmu,
zakaru su yi cara, su gaji, su yi shiru.
Rafi na yamma. Da rani akuya ma raina shi take,
amma a watan takwas sau biyu yana cin gada.

Inna Dudu ta ce a kan dutsen aka binne cibiyarta.
Can kakanni suka fake wa mahara,
suna shuka acca a fili kamar tafin hannu.
Ramukan niƙansu bakwai na nan har gobe,
ruwan sama na kwana ciki, ƙadangaru na sha.

Sai zamanin kuza ya zo.
Jatau, kakan babana, ya sauko da kwano a ka,
sule biyu a mako.
Suka haƙa, suka wanke, jakuna suka kai tasha,
ba wanda ya faɗa musu ina ake kaiwa.
Wata Laraba kamfani ya tashi, ko sallama babu.
Ya bar mana tafkuna uku, kore shar, ba a taɓa gindinsu.
Ɗaya ya haɗiye Barau yana shekara tara.
Ɗaya muke ba tumatir ruwa da shi.
Na ukun ba mu raɗa masa suna ba.

Yau gida arba'in da ɗaya ne,
in an ƙirga na Sambo da ya sa kwaɗo ya tafi Fatakwal.
Majen da garin ya ci sunansa
ya zama kututture, tsofaffi na dara a gefensa,
suna gardamar wa ya sare.

Kafin in fita daga ofishin
na ari biron ma'aikacin,
na danna a kan ɗigon nan
har sai da takarda ta huje.