Kan Rago

Ina ɗan shekara bakwai, aikina buta da tasa.
In bi baƙi ta dama, in zuba wa kowa sau uku,
ruwan ɗumi, don sanyin Narinkol ba ya wasa.
"Kada ka yarfe hannu," in ji Inna Ulbosin,
"mai yarfe ruwa, arzikinsa yake watsarwa ƙasa."

Sai akushi ya shigo yana tururi,
kan rago a bisa, an babbake, an kankare shi tas.
A dire shi gaban Baba, can ƙuryar ɗaki,
nesa da ƙofa, inda iska ba ta taɓa dattijo.

Ya yanki kumatu ya ɗanɗana, sannan ya waiga:
"Saginduk, zo."
Kunne. Kullum kunne!
Guringuntsi zalla, ka tauna har muƙamuƙi ya gaji.
"Ci, ko ka riƙa jin magana."
Na ci kunnuwan da suka kai garke guda,
ban fasa barin ɗan maraƙi ya shanye nonon safe ba.

Ganɗa ta Aiganim ce, ƙanwata,
wai don bakinta ya iya zance.
Ya kuwa iya.
Har yau ba wanda ya kai ƙarshen gardama da ita.

Ranar da na fara zuwa gidan su Jumagul
ita ke bakin tukunyar shayi, ba ta ko dube ni ba.
Amma ɗan kaɗan take zuba mini, a gindin kofi,
in shanye, in miƙa, ta ƙara ɗan kaɗan.
A wajenmu, in an cika maka kofi fal,
to, nemi takalmanka.
Nawa bai cika ba har rana ta faɗi.
Da aka ɗaura, ƙirjin rago surukai suka ba ni,
na karɓa hannu bibbiyu, kaina a sunkuye.

Akwai shekarar da dusar ƙanƙara ta tsare ni
a wani ƙauye bayan tsauni.
Furfura ta fara fito mini, ga ni baƙo daga nesa,
sai mai gida ya turo kan gabana.
Na dafa ƙirji, na ce, "A gafarce ni,
mahaifina na nan da rai."
Aka wuce da shi gaba.
Ban taɓa ƙin abinci da daɗin rai irin na ran nan ba.
Na sha nonon goɗiya mai tsami, na yi barci kamar yaro.

Yau kwana arba'in.
An shimfiɗa ƙyallen cin abinci daga bango zuwa bango,
burodi tsibi-tsibi, ba ko ɗaya a kife.
Faffaɗar taliya ta jiƙu da romo da albasa,
yatsu biyar na kowa suna jira.
Na nufi wurina na kullum, kusa da murhu,
tsoho Tilepbergen ya riƙe mini hannun riga:
"Wuce ciki."

Akushi ya shigo.
Na bi shi da ido, ina jiran ya gifta ni.
Bai gifta ba.

Na duba dama, na duba hagu,
ina neman wanda zan ce yana da rai.
Ɗaki ya yi tsit, sai ƙarar itace a wuta.
Wuƙar Baba ce, ƙotarta ta lotsa daidai babban yatsansa,
nawa bai cika gurbin ba.

Na yanki kumatu. Ya ƙi wuce maƙogwaro.
Na ba Aiganim ido guda, na ce ta riƙa duba mu,
karon farko ba ta ce komai ba.

Can bakin ƙofa jikana Nurdaulet
ya ajiye buta, hannun rigarsa sharkaf,
yana satar kallon akushi, yana haɗiyar yawu.

"Zo," na ce.
Ya ga abin da ke hannuna, ya ɓata fuska.