Fitila Ɗaya

Baba Chollom ya hau matakalar shagona a Taminus
yana ƙirga ta da sanda,
ya zauna bai cire hular sanyi ba.

Na kunna manyan fitilu biyu masu lema,
irin waɗanda ɗalibai ke so ranar yaye.
Haske ya malale masa kamar kunu,
ya cike kowane kwari a fuskarsa.
Na leƙa kyamara, sai ga wani mutum sumul
wanda bai taɓa riƙe diga ba.

Na kashe su.

Shekara talatin yana haƙar kuza a Bukur,
ƙasa ta rama, ta haƙa nata a goshinsa.
Tabon da ke ƙarƙashin idon hagu,
ya ce guga ne ya kuɓuce wa Davou a bakin rami.
Ya faɗi sunan da dariya, sannan ya yi shiru.

Na jawo ƙaramar fitila ɗaya, tsirararta,
na kafa ta gefe, sama da kafaɗa kaɗan,
kamar hantsi in ya bugi dutsen Shere.
Inuwa ta koma gidajenta.
Kuncin dama ya nutse,
na ce Nanret ta ɗaga farin kwali:
matso, ya isa, kar ki cinye duhun duka.

"Na jikata ne, tana Abuja.
Kar ka yi wa fuskar nan guga, yaro."

Na jira har ya gaji da gyara zama,
ya manta da ni,
ɗigon haske ya faɗa ƙwayar idonsa
kamar rana a ruwan tsohon rami.

Sannan na danna.