Mai Hura Murhu a Gidan Zarubin

Murhu goma sha bakwai ne a gidan gwamna.
Na san ƙirjin kowanne, na san mai tari, na san mai haɗama.
Shekara arba'in da ɗaya ina shiga ɗakuna kafin zakara,
itace a kafaɗa, takalmi a hannu,
kada in ta da Miron Zarubin.

Mutanen lardi sun san shi da hatimi,
da lambobin da ke kaɗawa a ƙirjinsa in ya taka,
da gadar nan da ya gina,
wadda narkewar ƙanƙara ta kwashe har sau biyu.
Ni da ƙafa na san shi.
Ƙafafu masu sanyi kamar ƙarfen rijiya,
yana miƙa wa wutata su,
yana karanta wasiƙar Petersburg, leɓe na rawa.

Uwargida Glafira ta haifi tara.
Huɗu suna kwance bayan coci, ƙarƙashin ƙananan duwatsu.
Ta hana a kashe murhun ɗakinsu.
Ƙanƙara ta zo sau takwas, ta tafi,
ina ɗumama gadajen da ba kowa.

Luka ya tafi soja da sirdin azurfa,
ya dawo da hannu ɗaya da bashin caca.
Ƙauyuka biyu aka sayar, da gonaki da masu nomansu,
har da ƙanwata Ustinya da goyonta.
A daren nan ma na hura.
To, me zan yi?
Wuta ba ta tambayar wa ke shan ɗumi.

Agrafena kan zo da takardu ɗaure da zare shuɗi,
ta ce, Yakim, juya baya.
Da safe in tarar da rubutu bai mutu a toka ba,
sai dai ni ban iya karatu ba,
shi ya sa ta amince da ni.

Sai auta, Timofei, mai littattafai a ƙarƙashin katifa.
Da jami'ai suka kawo takardar kai shi gabas mai nisa,
babu mai sa hannu a lardin sai mutum ɗaya.
Ya sa.
Alƙalamin bai ko karkace ba.
Tsakar dare ya kira ni, ya ce ƙara itace,
murhu kuwa ya yi ja kamar idon mai kuka.
Na ƙara. Ya ce ƙara.

An sauke shi da wasiƙa mai layi uku.
Ya rayu shekara biyu yana gyara agogo.

A wasiyya, an ce, sunana ya faɗo
tsakanin tukunyar shayi ta tagulla da dawaki biyu.
Ban yi fushi ba; dawakin na ƙwarai ne.

Ranar da ya cika, ni na fara shiga.
Na taɓa ƙafafun, ban ji bambanci ba.
Na durƙusa, na jera itace,
na hura.