Takalman Zulai

Ranar suna na yanka su,
jar fatar akuya, sabuwa daga majema,
tsawonsu bai wuce ɗan yatsana ba.
Na rataye su a ƙusa bisa ƙofar shago,
na ce wata goma, ko sha biyu, mu gani.

Wata goma ya zo ya wuce ta gabana.
Sa'anninta sun yi rarrafe har bakin rariya,
ita tana nan inda aka aje ta,
wuya kamar ɗanyen kara,
ƙafar hagu a naɗe ta ƙi saki.
A layin famfo kowace mace likita ce:
wata ta ce nauyin jiki ne,
wata ta ce a tono rami a tsaida ta ciki.
Habsu takan dawo da bido biyu
da shirun da ya fi su nauyi.

Talata da Juma'a, kabu-kabu daga Birni,
mu ratsa duwatsu, mu bar Dole a bayanmu,
kuɗin takalmi guda ya tafi a hanya.
Ɗakin Madam Barira ba allura, ba ƙwaya.
Shuɗiyar tabarmar roba, ƙatuwar ƙwallo,
madubi mai tsaga a gefe,
sai hannu biyu.

Ta kifa Zulai bisa ciki.
Kuka ya cika ɗakin, na miƙe zan ɗauka,
ta ce, "Zauna, Malam.
Wuya ne ke koyon ɗaukar kai."
Na zauna ina cizon leɓe,
ina kallon yadda take bin ƙafar nan,
ta lanƙwasa, ta tsaya, ta saurara, ta ƙara kaɗan.
Sai na gane hannun.
Fata ma ba a ja mata da ƙarfi,
jiƙawa ake, a murza, a jira ta yarda.

Aikin gida ta ba mu:
zane naɗaɗɗe ƙarƙashin ƙirji,
gwangwanin tumatir da tsakuwa uku a ciki.
"Ku kaɗa, ku aje nesa kaɗan. Kar ku ba ta."
Wa ya taɓa jin an ce da uba
ya hana 'yarsa abin da take miƙo wa hannu?
Na hana.
Safe da yamma na hana, ina kau da ido.

Ta zauna a wata na sha biyar.
Damina ta zo da zazzaɓi,
mako uku ya cinye aikin wata huɗu.
Habsu ta ce ta gaji, ni ma ban musa ba,
amma Talata ta yi, muka tsinci kanmu bisa babur.

Ran da ta dafa bango ta miƙe
na sauko da takalman, na kai su a aljihu.
Madam ta juya su, ta yaba ɗinkin,
ta ce, "Ba yanzu ba.
Tafin ƙafa ido ne, bari ya ga ƙasa."
Ni baduku ɗan baduku,
rabin Birni na tafiya bisa ɗinkina,
'yata kuwa an rubuta mata ƙasa tsirara.

Jiya bayan la'asar
tana riƙe da bakin turmi, ta saki.
Ɗaya.
Biyu.
Na ukun rabi ne.
Ba wurina ta nufa ba,
ɗan akuya ne ke tauna mini guntun fata.
Ta zube da zama, ta dube mu,
tana jiran ta ga ko abin kuka ne.
Habsu ta rufe baki da gefen zane.

Da dare na gwada takalmin a tafinta tana barci.
Diddige duk a waje.
Na mayar da su ƙusarsu.
Ƙafar hagu har yanzu tana ja,
jibi Juma'a,
na riga na gaya wa mai babur.