Ƙanzo

A tashar Marwa kowa ya san tukunyata.
Direbobin Kuseri kan bar mota tana huci
su zo su tsuguna gaban tuwona,
su suɗe kwano har sai ya yi ƙara.
Amma Ilu, ɗan cikina, shekara uku da wata biyu,
da ya hango loma sai ya datse baki
kamar an zura wa ƙofa sakata.

Na yi lallashi. Na yi alkawarin alewa.
Na ce ga kura can bayan darbejiya
tana jiran yaron da bai ci ba.
Rannan na matse shi tsakanin cinyoyina,
na yi masa ɗura yadda aka yi mini.
Kunun ya dawo ta hanci.
Ya kwana yana ajiyar zuciya,
ni na kwana ina ƙirga azara.

Uwar mijina ta ce baki ne.
Mai ƙosai ta ce tsutsar ciki.
Malamar asibitin Domayo ta ɗora shi kan sikeli,
ta duba kati, ta dube ni,
ta ce da Fulatanci, a hankali don in gane:
"Yaro bai rame ba, ke ce kika rame.
Zuba masa kaɗan, ki ajiye, ki kau da kai."

In kau da kai? Ni?
Na dai yi, don dabara ta ƙare mini.

Ranar wata Laraba ina kankare gindin tukunya
sai na ji ƙurus, ƙurus a bayana.
Ban waiwaya ba.
Ta wutsiyar ido na ga ɗan hannu
yana tsince ƙanzon da na ware wa kaji.
Na ci gaba da kankara, ludayi na rawa a hannuna.

Ashe ba abinci yake gudu ba, yauƙi ne.
Kuɓewa, kuka, kunu mai santsi,
duk abin da ke sulalewa maƙogwaro ba sallama.
Shi yana son abin da zai amsa in ya ciza.
Shekara goma sha ɗaya ina sanin bakin baƙi,
na jahilci wanda na haifa.

Yanzu ina soya masa ƙananan kifin Maga
har su bushe ƙamas,
ga ƙuli-ƙuli, ga karas,
miya kuma a murfin kwano, can gefe,
ba ta taɓa komai, ba wanda ya ambace ta.
Kwana goma sha biyu suna kallon juna.

Jiya ya tsoma bakin ƙanzo a miyar yakuwa,
ya yatsine fuska, ya tofar a kan tabarma,
ya yi shiru,
ya sāke tsomawa.

Yau kuwa rabin gwaiba kawai ya ci.
Na ɗauke kwanon ban ce uffan ba.
Gobe ma zan bar tuwo ya ɗan kama.