Sammaci Zuwa Mutum Biyu

Takardar na aljihun gabana,
ninki huɗu, hatimin kotun Gombe a goshinta.
Sai dai hatimin ba shi da haƙori a Taraba
in alƙalin can bai ɗora nasa ba.
Kwana biyu na yi kan benci a Jalingo
ina jiran hannu ɗaya da biro ɗaya.

Lamela na gidan yari tun kakar bara.
An ce shi ya sari mai awo a kasuwar Kumo.
Ido ɗaya ne ya ga hannun da ya ɗaga addar:
Bappah Manu, ɗan dako a lokacin,
wanda ya bar gari kafin jinin ya bushe.

A fadamar Mutum Biyu na same shi,
taɓo har gwiwa, gwangwani a hannu,
yana korar jan-baki daga shinkafa.
Na karanta masa. Ya ce,
"Wa zai biya mota?
Wa zai tsaya min a gonar nan?
In na faɗi sunan da na sani,
kai za ka raka ni gida da dare?"
Doka ta ba ni amsar ta farko kaɗai,
ita ma rabi.

Na ce akwai wani
da ke ƙirga kwana da gawayi a bango.
Ya daɗe yana kallon zangarniya.
Sannan ya wanke ƙafa.

Muka haye gadar Numan, muka wuce Cham,
bai ce uffan ba sai ƙosan da ya miƙo min.
Da muka shigo Kumo
ya ja hula har gira,
bai ɗago ba sai da kasuwar ta koma baya.

Litinin, ƙarfe tara.
Ya aro rigata, ya zauna a layin gaba,
yana ta bitar maganarsa a leɓe.
Magatakarda ya miƙe, ya gyara tabarau:
mai shari'a ya yi tafiya,
sai sha bakwai ga watan jibi.

Ta ragar motar fursuna
Lamela ya hango shi, ya ɗaga yatsu biyu,
ban sani ba ko gaisuwa ce ko ƙirga ce.

Da dare a zaurena
tuwon ya huce a gaban Bappah.
Ya ce, "Malam Jauro,
jan-baki fa ba ya ɗage zama."

Na lalubi aljihu. Kuɗin komawarsa bai cika ba.